Yadda Muka Kai Reshen Zaitun Asibiti a Masar

Tun da muka dawo ban samu na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna sai wani ya jawo benci: "Malam Idi, yaya Masar? Kun ga gawar Fir'auna? Da gaske har 'yan tasha Larabci suke yi?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya a kasuwar kifi wani ya tsare ni ya ba ni labarin tafiyata, a cikin nasa har kulle ni aka yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Da farko dai ba yawon buɗe ido muka je ba. A takarda, gwiwar yayana Alhaji Haruna muka kai asibiti. A zuciyarsa kuwa itace muka kai.

Ga yadda abin yake. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya ji ƙanta, kowa ya yi mata sadakar da ya iya. Wani ya haƙa rijiya, wani ya sayi tabarmin masallaci. Yaya kuwa, da yake ba ya yin abu irin na mutane, sai ya ware wani ɗan tudu a gonarsa ta hanyar Auyo, ya sa aka kawo masa dashen zaitun daga Kano, ya dasa layi-layi. Ya ce itacen da Allah Ya rantse da shi a Alƙur'ani, shi zai dasa wa Inna. Ya tara mutane ya faɗa da bakinsa: ba shinge, ba maigadi, duk mai buƙatar ganye ko reshe ya shiga ya ɗiba, lada ya tafi kabarinta.

Kun dai san mutanenmu da abin da aka ce kyauta ne, kuma ga albarka. Mai hawan jini ya zo ya tsiga ganye. Mai neman asuwaki ya murɗe reshe. Masunta in za su shiga kogi sai sun soka ɗan tsinke a goshin kwalekwale, har akwai wanda na gani ya rataya nasa a madubin babur. Yaya yana zaune a inuwa yana kallonsu yana murmushi, duk reshen da ya ji ya yi ƙas, shi lada ya ji ya shiga.

Daminar bara, bayan ruwa ya cika fadama har ya lashi gindin tudun, sai rassan suka fara bushewa daga sama. Ganyen ya yi ja ya ƙanƙance, amma ba ya faɗuwa, yana nan maƙale. Yau reshe ɗaya, jibi rabin itace. Nan da nan masana suka taso, garinmu kuwa ba ya rasa su. Wani ya ce gara ce, wani ya ce kambun baka. Wani ya ce ƙishirwa ce, aka jawo injin ban ruwa aka malala musu kamar fadamar shinkafa. Aka fesa maganin tsutsar tumatir, aka yi tofi. Bushewa ta ci gaba da sauka ƙasa ko a jikinta. Yaya ya rage cin abinci. Wata rana muna tsaye a gonar ya ce mini, "Idi, in itatuwan nan suka mutu, me zan ce na yi wa Inna?" Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

To shekara da shekaru likita yana cewa a kai gwiwar nan Masar, Yaya yana ƙeƙasa ƙasa yana cewa man zafi ya ishe shi. Ranar da wani ya gaya masa Masar ƙasar zaitun ce, a ranar gwiwa ta tsananta. Ni kuma aka zaɓe ni ɗan rakiya saboda na yi karatun zaure, an ce ina jin Larabci. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Mun bar Haɗejiya da sanyin safiya, ƙarshen rani. Matan gida suka haɗa mana guzuri sai ka ce garin yunwa za mu: kilishi, bandar tarwaɗa, yaji, garin kunu, har da daddawa. Maƙwabta kuma kowa ya zo da saƙonsa, wannan jallabiya, wancan habbatus sauda, ba wanda ya tambayi ko gwiwar tana ciwo. A Gujungu taya ta yi faci, muka fito muka tsaya a rana. Nan na lura da wani dogon ƙunshi da Yaya ya naɗe da sallaya, ya ƙi yarda a sa a but, ya rungume shi tun daga gida. Na ce, "Yaya, mene ne wannan?" Ya ce, "Ba ruwanka." Na ɗauka sandar dogarawa ce yake jin kunyar a gan shi da ita, na ƙyale shi.

Maganar jirgi ba zan ɓata muku lokaci ba. Kujera matsattsiya, abinci ɗan cokali, Yaya kuma ya yi ta salati tun daga Kano har muka sauka. A filin jirgin Alƙahira ne aka yi ta.

Jakarmu ta shiga na'ura, sai wani jami'i mai gashin baki ya yafito mu gefe. Yana zuge zif, bandar nan ta gaishe shi. Ya ja da baya ya toshe hanci, ya ɗaga daddawa da 'yan yatsu biyu yana juya ta. Na gyara murya na fara bayani da Larabcina na littafi, kowace kalma da wasalinta. Mutumin nan ya saki baki yana kallona, sai ya kira abokan aikinsa su zo su ji. Suka kewaye ni suna cewa in ƙara. Daga baya aka gaya mini irin Larabcin da na yi, a wajensu sai a huɗubar Juma'a, ba wanda yake kare kifi da shi. Suka sha dariya, suka kuma kwashe banda da kilishi duka.

Sannan aka zo kan ƙunshin. Aka warware sallaya, sai ga busasshen reshen zaitun, da jan ganyensa da baƙin tabo a ɓawo. Na juya na kalli Yaya. Ya ce, "To ai ba a zuwa asibiti a bar mara lafiya a gida. Gaya masa."

Na gaya masa. Dariya ta ɗauke nan take. Ashe abin da muka yi daidai yake da mutum ya kora saniya mai ciwon huhu tsakiyar kara ranar kasuwa, ya ce ya kawo ta a duba. Ƙasar da mutane ke ci da zaitun, mu kuma mun hau jirgi takanas mun kawo musu cuta naɗe da sallaya. Jami'in ya sa safar hannu, ya ɗauko leda, ya ce ƙonawa za a yi. Yaya ya riƙe hannuna ya ce, "Idi, ka gaya masa na Inna ne." Na faɗa masa sadaka ce ta mahaifiyarmu da ta rasu. Jami'in ya dafa ƙirji ya yi mata addu'a sosai, har da amin ɗin abokansa, ya kuma ɗaure bakin ledar ya tafi da ita.

Wanda ya tarye mu shi ne Ya Bukar, mutumin Birniwa, ya daɗe a can, sana'arsa karɓar marasa lafiya daga gida yana kai su asibiti. Ya ce ya raka masu ƙoda, ya raka masu ido, amma bai taɓa samun wanda aka ƙwace wa mara lafiya a filin jirgi ba.

Masaukinmu a can ƙololuwar wani dogon bene yake, wanda ya dace ƙwarai da mai ciwon gwiwa. Akwai na'urar hawa, wani ɗan akurkin ƙarfe mai kuka, wadda ke aiki ranar da ta ga dama. Mai gidan, wani dattijo mai tumbi, yana ganin Yaya ya rungume shi ya sumbace shi a kumatu dama da hagu. Yaya ya sandare, hula ta karkace. Da muka shiga ɗaki ya ce, "Idi, wannan maganar kada ta je Haɗejiya." To ga ta nan ta zo.

Mutanen garin nan ba sa tuƙi da sitiyari, da oda suke yi. Matansu kuma sun fi namu dabara: mace tana saman bene za ta zuro kwando da igiya, mai shago ya sa mata gurasa ta janye, ba aike ba jiran ɗan aike. Abincinsu na safe wake ne da aka dafa har ya manta sunansa. Akwai wani kuma da suke haɗa shinkafa da taliya da makaroni da wake a kwano ɗaya, abin da a gida in mace ta yi sai a ce ragowar tukwane ta tara. Amma abin da ya fi tayar wa Yaya hankali man zaitun ne. Man da mu muke saye a 'yar kwalba, a yi tofi a ciki, a ɗiga wa mai aljanu, shi ne mai shago ya ɗauko a galan ya kwarara mana a kan wake yana kallon ƙwallo a talabijin. Aka kawo 'ya'yan zaitun a faranti, Yaya ya yi bisimilla da ladabi ya jefa ɗaya a baki. Fuskarsa ta tattare. Ya daure ya haɗiye ya ce, "Albarka dai ake nema, ba daɗi ba."

Gwiwa ba ta ba mu wahala ba. Likita ya duba, ya yi allura, ya ce a rage tuwo da nama. Yaya ya ce wannan ai matarsa ta daɗe tana faɗa ba tare da jirgi ba. Muna fita ya ce wa Ya Bukar, "To yanzu a kai mu wajen likitan gaskiya."

Ya Bukar ya yi cigiya har aka haɗa mu da wata malamar aikin gona, Dakta Salwa, ƙwararriya a cututtukan itatuwa, tana kula da wata babbar gona a hanyar Iskandariya. Muka kama hanya cikin hamada, rairayi dama da hagu, sai ga zaitun har iya ganinka. Katanga, ƙofar ƙarfe, karnuka. Ma'aikata suna wucewa ta gindin itatuwan ko kallonsu ba sa yi, ba mai tsinke a baki. Wani siririn tiyo ne ya bi layi yana ɗiga ruwa ɗis-ɗis. Yaya ya tsaya ya girgiza kai ya ce, "Mutanen nan ba su da imani. Itace yana cikin rana suna ba shi ruwa kamar maganin ido."

Dakta Salwa dattijuwa ce, ga tabarau ga takalmin roba, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa. Na buɗe baki zan fara huɗuba, Ya Bukar ya dafa ni ya ce in huta, shi zai yi tafinta. Tun da reshe ya riga mu gidan gaskiya, sai Yaya ya miƙa mata waya ta ga hotuna. Ta duba, ta buɗa hoton da yatsu, ta ƙara buɗawa. Ta nuna wani reshe da aka murɗe, ɓawonsa ya saluɓe.

Ya Bukar ya ce, "Tana tambaya, awaki ne ke shiga gonar ko raƙuma?"

Na ce, "Gaya mata Musulmi ne."

Yaya ya harare ni, sannan ya yi mata bayani da alfahari: sadaka ce, kowa yana shiga ya karya, har da damina ma an fi zuwa don lokacin ganye ya fi kyau. Ta cire tabarau ta dube shi. Ta koma wani hoton, ta ga ruwa kwance a gindin itace har da kwaɗo. Ta tambaya ko ambaliya ce. Yaya ya ce a'a, magani ne.

Sai ta ce mu biyo ta. A ƙarshen gona akwai wani itace da aka ɗaura wa jan ƙyalle, reshensa ɗaya ya bushe sak irin namu. Ta sa zarto ta yanke shi ta nuna mana cikin. Wajen lafiya fari ne tas, amma daga gefe wani baƙi-baƙi ya ci ya shiga har tsakiya. Ta ce funfuna ce, dangin wadda ke fitowa a jikin gurasa in ta kwana biyu, sai dai wannan cikin itace take rayuwa. Ba ta iya fasa ɓawo mai lafiya sosai, rauni take nema. Duk inda aka karya reshe an buɗe mata ƙofa, ruwan sama da iska su kawo ta, ta shiga ta toshe hanyar da ruwa ke bi ya hau sama, reshe ya mutu da ƙishirwa alhali gindinsa yana cikin ruwa. Ta ce ba za ta rantse a kan hoto ba, don cututtukan suna kama da juna, amma duk wadda ce a cikinsu, mun yi mata hidimar da ta kamata.

Yaya ya ce, "A tambaye ta maganin. Ko nawa ne."

Ta ce abin da ya mutu ya mutu, ba kwalbar da za ta tashe shi. A bi kowane reshe a yanke shi can ƙasa da inda baƙin ya tsaya, har sai an ga fari. A wanke zarto tsakanin itace da itace. A shafe raunin, a ƙone abin da aka yanke, kada a bar ko tsinke. A yi haka kafin ruwa ya sauka. A janye injin ban ruwa. Ta ƙara da cewa fadama ba wurin zaitun ba ce, ko 'ya'ya ba lalle su yi ba. Yaya ya ce shi ba don 'ya'ya ya dasa ba. Ta ce to sai babbar magana: daga yau ba mai sake karya ko da ganye, musamman da damina.

Yaya ya dubi reshen da ta yanke. Can ya ce, "To ai sadakar kenan. In ba a karya ba, ina ladan?"

Ya Bukar ya faɗa mata. Ta ɗan sassauta murya ta ce ita ba malamar lada ba ce. Abin da ta sani, in aka ci gaba haka, baɗi ba itace ba sadaka. Ta ba shi almakashin yankan reshe kyauta. A mota har muka dawo gari tausayinsa ya hana ni tsokana.

Kafin mu taso Yaya ya kira babban ɗansa ya ce a sayi wayar shinge da turaku a ajiye, za a kewaye gona. Ɗan ya je wajen mai sayar da waya, mai waya ya tambayi ta mece ce, kuma shagonsa a bakin kasuwa yake. Kafin jirginmu ya sauka Kano, daga Auyo har Kirikasamma an ji cewa Alhaji zai rufe zaitun. Mutanenmu masu hangen nesa suka ce to bari kowa ya ɗebi na ajiya.

Mun iso gida muka tarar da zaure cike da 'yan sannu da zuwa. Na bi bakunansu da kallo, kusan kowa da sabon asuwaki, ɗanye shar. Suna goga haƙori suna tambayar Yaya ko an samo maganin. Da muka je gonar, wasu itatuwan an yi musu ƙwal kamar an yi aski, wasu an tsaga su har gindi. Yaya ya zauna a ƙasa da gwiwar tasa da ta sha allura.

Washegari muka kama aiki. Muka yi ta yanka muna duba fari, muna wanke zarto. Wasu mun bi baƙin har ƙasa ba mu ga ƙarshensa ba, waɗannan tumɓuke su muka yi. Muka tara muka cinna wuta, jama'a suka tsaya daga nesa suna salati, wai an ƙone itacen Alƙur'ani. Wani ya matso a hankali ya tambaya ko za a iya ba shi tokar. Aka kafa waya, aka sa ƙofa da kwaɗo. Cikin mako guda mutumin da ake kira uban marayu ya koma Alhaji mai rowar ganye. Limamin unguwarmu ma ya zo da ladabi ya tambaya ko Yaya ya san hukuncin wanda ya yi kyauta ya dawo ya karɓe. Yaya ya ce ya sani, shi ya sa ba ya barci.

Ruwa ya sauka. Itatuwan da suka rage suka fara fitar da 'yan tofo ƙasa da inda muka yanke, kore shar. Yaya ya sa aka kai masa kujera bakin ƙofa, kullum yana can.

Ranar Talatar da ta wuce na kai masa abinci, ana yayyafi. Sai ga Iya Tabawa tafe da sanda, tun daga cikin gari. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, ita ta yi mata wankan gawa. Ta tsaya tana haki ta ce, "Haruna, buɗe mini. Jirin nan ya dawo, ganye zan tsinka."

Yaya ya sauka daga kujera ya durƙusa. Ya ce, "Iya, ki yi mini haƙuri sai rani. Da rani ni da kaina zan kawo miki har ɗaki. Yanzu ki bari Idi ya kai ki asibiti."

Ta ce, "Asibiti na tambaye ka?" Ta dubi wayar, ta dubi kwaɗon, ta dube shi. "Uwarka ko ƙofar ɗakinta ba ta taɓa rufe mini ba. Wa ya ce maka zan kai rani?"

Ta juya ta kama hanya a cikin yayyafin nan, ko waiwaye. Makulli yana hannun Yaya. Wallahi zuciyata ta karye. Na ce, "Yaya, ganye ɗaya dai."

Ya ce, "In na buɗe mata, wa zan hana gobe?" Hawaye yana bin gemunsa. Ya kamo rigata ya cusa makullin a aljihuna ya ce, "Riƙe. Ko roƙonka na yi kada ka ba ni."

Yana wajena har yanzu. Jiya da safe ya aiko a karɓa, na ce a gaya masa ba na gida.